Makaɗin Da Ya Mayar Mini Da Kuɗina

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina roƙon ka sam mini fili a shafin wasiƙu. Maganar tawa da ɗan tsawo, sai ka yi haƙuri da ni. Mahauci ne ni, hannuna ya fi sabawa da wuƙa, don haka ni ke faɗa, ɗana ke bugawa a waya. Akwai ma abin da zan faɗa nan gaba wanda shi kansa yau zai fara jinsa daga bakina.

Watan jiya muka binne wani tsohon makaɗin kalangu a nan Agege. Ba zan ambaci sunansa ba saboda iyalinsa, mu dai Baba muke ce masa. Ya haura shekara arba'in yana yi wa mahautan Legas kiɗa, biki ne ko suna ko naɗin sarauta. Muna fitowa daga maƙabarta, ƙafafunmu duk jar ƙasa, sai na ji wani matashi a bayana yana ce wa abokinsa: "To, Allah dai Ya yafe masa, an ƙare rayuwa a roƙo." A baki addu'a ce, amma mai kunne ya san da me aka cuɗa ta. Na juya zan tanka, sai na tuna inda muke, na haɗiye. Abin da na haɗiye ranar ne ya tsaya mini a maƙogwaro har na kawo maka shi.

Ni ɗan makaɗi ne, shi ya sa maganar ta soke ni. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, makaɗin fawa ne a ƙasar Malumfashi. Ran kasuwa tun da hantsi yake ratayo kalangu ya tsaya bakin rumfar mahauta, da jin kiɗan mutanen ƙauyuka sun san an kayar da sa, kuma mai maiƙo ne. Kowane mahauci da takensa. Da Sallah kuwa shi ke zuga masu hawan ƙaho. Ladansa tsoka ce da ɗan kitse, wata rana kayan ciki, sai abin da Sarkin Fawa ya miƙo. Ban taɓa ganin kiran asuba ya same shi a kwance ba. Duk da haka na tashi ina jin kalmar "ɗan maroƙi" kamar tabo a goshina, kuma da ita aka sallame ni lokacin da na fara neman aure a garinmu. Fawa wajen kawuna na koya (mu mahauta ma ba wani can sama aka ajiye mu ba, amma dai da dama-dama), kuma ba zan ɓoye maka ba, gudun kalangu na cikin abin da ya koro ni Legas a 1987.

Ban zo yin fatawa ba. Hukuncin kiɗa maganar malamai ce, sun daɗe suna saɓani a kanta, ni kuwa karatuna bai wuce 'yan izifi da Ahalari da Ishmawi ba. Amma a tafsirin azumi na sha jin an kai ƙarshen Suratus Shu'ara'i, inda aka ce mawaƙa ɓatattu ne ke bin su, suna ɗimuwa a kowane kwari, suna faɗin abin da ba sa aikatawa. Nan mutanenmu ke ja birki su gyaɗa kai. Alhali ayar da ke biye ta ware waɗanda suka yi imani, suka yi aiki nagari, suka yawaita ambaton Allah, suka kuma rama bayan an zalunce su. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da mawaƙinsa, Hassanu ɗan Sabitu. Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u da waƙa suka kai karatu ga waɗanda ba su san Larabci ba. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai cikin zargin nan shi ne faɗin abin da ba a aikatawa. Wannan ciwo ba mawaƙi kaɗai yake kamawa ba. Yana kama ɗan siyasa, yana kama ɗan gwagwarmaya, ko mai wa'azi bai tsira ba.

Bari in ba ka labarin wani wanda ba addininmu ɗaya ba. Daga 1990 zuwa 1996 ina da tukubar tsire a Ikeja, taku kaɗan daga gidan rawar mawaƙin nan Fela Kuti da ke titin Pepple, wanda suke kira Shrine. Cinikin dare ne, don sai dare ya raba ake fara abin da ya tara mutane. Yaransa masu busa da masu ganga su ne abokan cinikina, wani ya biya, wani ya ce a rubuta. Hayaƙin tukubata da hayaƙin wiwinsu su haɗu a sama, in na koma gida da asuba mai ɗakina ta ce in tuɓe rigar in bar ta a waje.

Sau biyu kacal na leƙa ciki. A tsakiyar wasa yakan tsayar da komai ya nufi wani wuri da aka keɓe, mai gumaka da hotuna, har da na mahaifiyarsa da na Kwame Nkrumah, ya yi 'yan tsafe-tsafensa. Na yi a'uziyya na fito. Bai ƙyale limamai ba, bai ƙyale fastoci ba, duk ya yi musu shaguɓe a waƙa, shi da mahaifinsa limamin coci ne kuma shugaban makaranta a Abeokuta. Ban yarda da aƙidarsa jiya ba, ban yarda da ita yau ba, ba kuma zan so yaron nan da ke buga mini wasiƙa ya bi sawunsa ba. Mutum ne da ya auri mata 27 rana guda a 1978, kuma da ya rasu a Agustan 1997 yayansa likita, Olikoye, shi ya fito ya shaida wa duniya cewa cutar ƙanjamau ce ta yi ajalinsa.

Amma fa duk zaman da na yi a bakin ƙofar nan, ban taɓa jin wanda ya ce ya sayi bakin Fela ba. A Fabrairun 1977 sojoji suka ƙone gidansa na Kalakuta, suka jeho mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, a 1978 ta rasu. A 1984 aka ɗaure shi kan maganar kuɗin ƙasashen waje, bai fito ba sai 1986. Yana fitowa ya ɗora daga inda ya tsaya. Da ya ga dama, waƙa ɗaya ta yabon mai mulki ta ishe shi ya miƙe ƙafa har ƙarshen ransa. Nakan tsaya ina juya tsinke a kan wuta ina ce wa raina: wannan da ba ya kallon alƙibla yana da abin da ya ƙi sayarwa, mu da muke kai goshi ƙasa sau biyar, mene ne namu wanda ba na sayarwa ba? A lokacin gani nake amsar na aljihuna.

Kada kuma wani ya ce wannan taurin kai na Yarbawa ne. Funmilayon nan ita ce Hajiya Gambo Sawaba ta yi tattaki har Abeokuta don ta gana da ita, tana yarinya ɗanya a NEPU, kuma Gambo ta sha ɗauri da duka ba ta sauka daga kan bakanta ba har ta koma ga Allah a 2001. Malam Aminu Kano ɗan gidan malamai ne, shi kansa mai tafsiri ne, daga cikin Alƙur'anin ya ciro hujjar da ya yaƙi zaluncin da ake yi wa talaka. Ya riƙe kwamishinan tarayya a nan Legas zamanin Gowon, lokacin da kuɗin mai suka fara ambaliya. Da ya rasu a Afrilun 1983, gidan da ya bari a Gwammaja yana nan, shi ne Mambayya, duk mai shakka ya je ya gani ko gidan wanda ya tara ne. A nan Legas kuma mun ga Gani Fawehinmi, Musulmi ɗan Ondo, lauyan da ofishinsa ke Anthony Village, wanda gwamnatocin soja suka yi ta tsarewa, har kurkukun Gashuwa aka kai shi. A 2008, yana fama da ciwon daji, aka ba shi lambar girma ta ƙasa ya ce ba ya so. A Satumban 2009 ya cika.

A filin da aka sa wa sunansa a Ojota na yi sallar Juma'a a Janairun 2012, lokacin da aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141. Mawaƙa na hawa dandamali ɗaya bayan ɗaya, har da 'ya'yan Fela. Da lokacin salla ya yi aka kashe kiɗa, muka shimfiɗa kwalaye da jaridu a kan kwalta, Kiristoci suka tsaya gefe suna jiranmu. Ranar na ji daɗi har cikin ƙashina. Sai dai shekaru sun tace mutane. Wasu daga masu ihun da ya fi na kowa, da gwamnati ta sauya aka miƙa musu kujera, man ya ninka ya sake ninkawa, ko tarinsu ba a ƙara ji ba. Kuma duk cikinsu babu wanda bai buɗe jawabinsa da sunan Allah ba.

Nan ne gizo ke saƙa. Buɗe baki da sunan Allah ba shi da tsada. Ko kiɗan fuji da ke tashi a kowace motar haya a Agege, daga tashin sahur ya samo asali: samarin Yarbawa Musulmi ne ke zaga unguwa cikin dare da azumi suna kiɗa da waƙa don a tashi a ci abinci, suna ce masa were, har su Sikiru Ayinde Barrister suka gyara shi ya zama abin da ya zama. Abin da ya faro daga hidimar azumi, yau shi ake yi wa ruwan liƙi a gidan biki. Namu mawaƙan kuwa, kusan babu wanda ba ya farawa da bisimilla da salati. Abin dubawa shi ne baiti na uku da na huɗu.

To, Malam Edita, laifi tudu ne, na daɗe ina taka nawa ina hangen na wasu. Ga nawa.

Shekara goma sha wani abu da suka wuce aka yi zaɓen shugabannin ƙungiyarmu ta mahauta. Na tsaya takarar wani muƙami. Abokin karawata mutum ne da muka yi shekaru muna haɗa kuɗi mu sayi sa ɗaya mu raba, in ɗayanmu ba shi da lafiya ɗayan ya tsare masa teburi. Da zaɓe ya ƙarato shaiɗan ya shiga tsakani, 'yan kai-da-kawowa suka samu aiki. Aka ce mini ya ce na taɓa kuɗin asusu. Wani dare bayan isha'i na zuba naira dubu talatin a ambulan na nufi wajen Baba.

Ɗaki ɗaya yake haya, a irin gidajen nan masu ɗakuna a jere suna kallon juna. Tabarma, buzun salla, buta, 'yar rediyo, tsohuwar kalanda mai hoton Ka'aba, sai kalangu ɗaya rataye a ƙusa. Ɗayan yana kan cinyarsa yana sauya masa igiyar da ta tsinke, ya kama bakinta da haƙori yana ja. Na gaishe shi na ajiye ambulan a gefen tabarma. Na ce ranar Asabar akwai bikin da duk mahauta za su hallara, ina so ya kaɗa mini takena, sannan ya ɗan taɓa mutumin nan, habaici kawai, ba sai ya kama suna ba. Har kayan aiki na kawo masa. 'Yar mutumin aurenta ya mutu wata uku da ɗaurawa, ana ta 'yan gutsiri-tsoma a unguwa, na ce ya bi ta nan.

Baba bai ɗago ba sai da ya ƙulle igiyar, ya matse kalangun a hammata ya ɗan gwada muryarsa. Sannan ya buɗe ambulan ya ƙirga kuɗin tsaf, yana lasar yatsa. Ya zare dubu biyu ya tura ƙarƙashin buzu, ya miƙo mini sauran.

"Wannan na takenka ne, ɗana, zan kaɗa maka, ubanka abokin sana'a ne. Sauran mayar aljihu. Ni na yi kiɗan sunan yarinyar nan. Ina rataye da kalangu aka miƙo mini ita cikin zane na tofa mata addu'a. Da wane bakin kake so in tsaya gaban Allah?"

Na ce, "Haba Baba, ai siyasa ce, kowa na yi."

Ya ce, "Zambo na iya shi, na kuwa yi shi. Marowaci da matsoraci sun ji jiki a hannuna. Amma ban taɓa ɗaga labulen ɗakin matar mutum ko 'yarsa ba. Sha ruwa ka tafi, dare na yi."

Na fito ina huci. Ka san abin da na ce a raina? Wai maroƙi ne zai yi mini wa'azi. Ni fa, ɗan maroƙi.

Washegari aka haɗa ni da wani yaro mai sitidiyo, ɗan ɗaki ne da fiyano da kwamfuta da katifa jingine a bango don tare ƙara. Dubu ashirin ya karɓa, kwana biyu ya gama. Da ya kunna mini, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, don ya buɗe da salati mai tsawo cikin murya mai sanyi. Baiti na biyu ya ce ni mai gaskiya ne, mai tsoron Allah, mai riƙon amana. Na uku ya dira kan yarinyar. Bai kama suna ba, amma ya siffanta inda teburin ubanta yake da yadda yake ɗingisa ƙafa, ko yaro ya san da wa ake. Na yi dariya har da tafawa, na ƙara masa dubu biyu na shan ruwa.

Lokacin ana tura waƙa daga waya zuwa waya, masu cajin waya kuma suna loda wa mutane a memori. Kafin mako ya zagayo ta kai teburin mai shayi, ta kai bakin 'yan acaba. Yara suka riƙe amshin, in yarinyar ta fito za ta Islamiyya su bi ta da shi. Ta daina fita. Bayan wata biyu uban ya sa ta a mota ya aika da ita wajen kakarta a Arewa. Ni kuwa na ci zaɓe. Shekara uku na yi a kujerar, abin da ya rage mini daga cikinta yanzu hoto ne guda a bangon ɗaki.

Ranar Asabar ɗin Baba ya zo kamar yadda ya yi alkawari. Ya kaɗa takena, ya juya ya kaɗa taken abokin karawata, bai rage wa kowa ko bugu ɗaya ba. Bai sake tada mini maganar ba har ya bar duniya. In na gaishe shi yakan amsa da sakin fuska, ya tambayi iyali. Abu ɗaya ne ya sauya: tun daga daren nan bai ƙara ce mini "ɗana" ba. "Shugaba" ya koma ce mini. Shekara goma sha wani abu ina jin kalmar nan kamar ana yanka ni da wuƙar da ba ta da kaifi.

An ce magana zarar bunu ce, to waƙa ta fi ta, don ita ba ta tsufa. Bara ma na ji ta tana tashi daga wayar wani yaro mai wankin kayan ciki a kwata, yana bin amshin yana aikinsa, bai ma san da wa ake ba.

Ba cewa nake Baba waliyyi ne ba. Yana da zafin rai, yana son kuɗi kamar kowa, in ya tsaya a kan marowaci da kalangu ba ya gusawa sai an sallame shi. Yakan ce cikin mawaƙa Ɗan Maraya Jos ya fi burge shi, don ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, wanda ko sisi ba shi da shi da zai liƙa masa. Yaron sitidiyon kuwa yana nan, in watan Maulidi ya kama ya yi yabo, in kakar zaɓe ta zo ya yi wa wanda ya biya. Ban ga ta inda zan zarge shi fiye da kaina ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Mu ne masu biya: mahauta, 'yan gwari na Mile 12, 'yan canji, dillalan shanu, mu ke zaro kuɗi mu ce a ci mutuncin wane, sannan mu tsaya a sahun gaba mu taɓe baki mu ce maroƙi. Roƙona gare ku 'yan jarida, in kun zaunar da mawaƙi ko ɗan gwagwarmaya kuna hira, bayan kun tambaye shi sau nawa ya je Makka da mota nawa ya mallaka, ku tambaye shi wane aiki aka taɓa kawo masa da kuɗi a hannu ya ce a mayar. Shi kuma matashin nan na maƙabarta, in Allah Ya sa wasiƙar nan ta kai gare shi, ga ni nan a kwata kullum, ya zo ya gwada mu, ni da wanda muka binne, ya ga wa ya fi buƙatar addu'ar tasa.

Kwana uku bayan jana'izar na tafi gidan tsohon abokina. Ciwon suga ya zaunar da shi, ƙafar nan da aka yi wa waƙa yanzu ba ta taka ƙasa. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Ya daɗe yana kallon bango, sannan ya ce shi ya jima da yafewa, amma ai ba shi na yi wa ba. Ya sa jikansa ya rubuta mini lambar mijin da 'yar tasa take aure yanzu, can wajen Zariya, 'ya'yansu huɗu.

Mako uku ke nan takardar na cikin aljihun gaban rigata, har ta fara yagewa wajen ninki. Yaron nan ya tsaya da bugawa yana kallona. Ya ce in ba shi lambar, in an yi magariba shi zai danna ya miƙo mini wayar. Na ce ya bari mu aika da wasiƙar tukuna.

Wassalam.

Naka,
Wani mahauci,
Agege, Legas.